Darasi na 9: Kafin Ka Dangwala Yatsa

Idan sabon irin shinkafa ya shigo Kura, manomin da ya san abin da yake yi ba ya zuba shi a gonarsa gaba ɗaya. Mai shago zai rantse masa cewa irin nan buhu kaza yake bayarwa a eka, shi kuwa ya gyaɗa kai, ya sayi kwano biyu kacal. Sai ya ware ɗan yanki ya dasa sabon, ya dasa wanda ya saba da shi a gefe, Jamila ce ko Faro 44. Ruwa daga kanal ɗaya, taki iri ɗaya, dashe rana ɗaya. Ranar bugu a ƙirga buhuna. Kuma ba zai ba sabon irin wurin da ya fi kyan ƙasa ba, don in ya yi haka kansa ya ruɗa: ba zai gane ko irin ne ya yi albarka ko ƙasar ce ba.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa gangarowa Kadawa rani da damina, mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suke wannan lissafi a kan alkama da tumatir da shinkafa. Ma'aikatan tashar binciken noman rani ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, su ma abin da suke yi ke nan, sai dai su da sikeli da littafi. Don haka babu ɗalibin da zai ce gwaji baƙonsa ne a ajin nan. Abin da darasin yau zai ƙara mana shi ne yadda likitoci ke gwada magani. Dabararsu ɗaya da ta manomi. Inda suka rabu shi ne fangali ba a neman izininsa, kuma in iri bai yi ba asarar buhu ce, a asibiti kuwa ɗan mutum ne a kwance.

Asibitin Malam

Wanda ya hau mota daga Kura zuwa birnin Kano titin Zariya zai bi, ya wuce Kwanar Dawaki da Na'ibawa da Unguwa Uku, sannan ya ga katangar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda kowa ke kira Asibitin Malam. An kafa shi a 1988, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. Asibitin koyarwa aiki uku yake yi. Biyu kowa na ganinsu, wato duba marasa lafiya da horar da sababbin likitoci. Na ukun, bincike, ba ya fitowa fili sosai, amma da wuya ka shiga asibitin babu wani bincike da ke gudana a ɗakin yara ko na haihuwa ko wani sashe. Wani binciken tambayoyi ne kawai da duba fayil. Wani kuwa gwajin magani ne a jikin mutane.

Yaran sikila da gudun jini

A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar gadon sikila, wato amosanin jini, ba tare da yana ciwo ba, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara. Wannan na cikin abin da ya sa a 2024 Jihar Kano ta sa gwajin jini na kafin aure cikin doka. Iyaye sun san ciwon ƙashi da ke hana yaro barci, sun san ɗorawar ido da yawan ƙarin jini. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne sikila na shanye wa yaro ɓarin jiki. A wayi gari yaro ɗan shekara bakwai baki ya karkace, hannu ya saki, a ce iska ce ta buge shi.

Akwai na'urar da ke hango wannan haɗari tun kafin ya faru. Ana shafa ɗan mai a gefen kan yaro, tsakanin ido da kunne, a ɗora wani abu kamar kan tocila, sai a ji sautin jini yana gudu a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Babu allura, babu yanka. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo a garka ya san yadda ruwa ke ƙara gudu idan hanya ta ƙuntata. Haka jini yake. Idan na'ura ta nuna yana gudun mita 2 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, yaron na cikin haɗari babba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1998 ya nuna cewa irin waɗannan yara, in aka bar su haka, kusan 10 cikin 100 ke gamuwa da shanyewar jiki a kowace shekara, kuma ƙarin jini duk wata na kare kusan dukkansu.

To, ƙarin jini duk wata har shekara da shekaru, wane magidanci ne a Bunkure zai iya? Ina jinin, ina kuɗin, ina kuɗin motar? Shi ya sa likitocin Kano, irin su Dakta Shehu Umar Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci da Dakta Binta Wudil Jibir, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt a Amurka, suka juya ga wata ƙwayar magani da ake sha kullum, mai suna haidiroksiyuriya. Tambayarsu ita ce: kaɗan ya isa, ko sai an ninka? Gwajin da aka yi wa laƙabi da SPRING ya ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12 tsakanin 2016 da 2018, a Asibitin Malam da Asibitin Murtala da Asibitin Barau Dikko na Kaduna. Rukuni ɗaya ana ba su miligiram 10 na maganin a kan kowane kilo na nauyinsu, ɗaya rukunin miligiram 20.

A lura da abu uku a nan. Na farko, ba likita ne ya zaɓi wanda zai shiga wane rukuni ba. Kwamfuta ce ta jefa ƙuri'a. Likita ɗan Adam ne, in aka bar masa zaɓi tausayi zai sa ya tura yaran da suka fi galabaita ɓangaren da yake ganin ya fi, lissafi ya lalace, kamar manomin da ya ba sabon iri ƙasar da ta fi danshi. Na biyu, daga iyaye har likitan da ke duba yaron babu wanda ya san adadin da yake sha, don kada son zuciya ya shiga cikin abin da ake rubutawa. Akwai wani kwamiti dabam da ke da mabuɗin sirrin, yana duba alƙaluma lokaci-lokaci, kuma yana da ikon tsayar da aikin. Na uku, babu yaron da aka bari ba magani don a ga abin da zai same shi. Tunda an riga an san haɗarin, yin hakan zalunci ne.

A 2022 aka buga sakamakon. Yara 3 ne suka samu shanyewar jiki cikin masu shan kaɗan, 5 cikin masu shan ninki. Kada wani ya ce ashe kaɗan ɗin ya fi. Tsakanin 3 da 5 cikin yara sama da ɗari-ɗari ba bambanci ba ne da za a dogara da shi, kamar yadda ba za ka yanke wa iri hukunci don ya fi ɗan'uwansa da kwano biyu a shekara ɗaya ba. Abin da ya fito fili shi ne duka biyun sun rage haɗarin ƙwarai in aka gwada da yaran da ba sa samun kariya, kuma masu shan ninki sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Wannan sani a Kano da Kaduna aka samo shi, da haƙurin iyayen da suka riƙa kawo 'ya'yansu wata bayan wata, yanzu kuma likitocin wasu ƙasashe na amfani da shi.

Leda mai layi-layi

Wani gwajin kuwa ba sabon magani aka gwada ba. Zubar jini bayan haihuwa ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. Idan jinin ya kai rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, an shiga haɗari. Matsalar ita ce da ido ake ƙiyastawa, jini kuwa ya jiƙa zane ya bi katifa ya zuba ƙasa, kafin ungozoma ta farga mace ta fara ganin jiri.

Binciken E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta Ingila ta shirya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagorance shi a Najeriya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu a ƙasa, da layukan awo a jiki, jini na taruwa ana gani. Da ya kai layin haɗari sai a yi komai lokaci guda ba tare da jiran a ga ko na farko zai yi aiki ba: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira babban likita. A nan asibitoci aka jefa wa ƙuri'a, guda 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 210,000. Sakamakon da ya fito a watan Mayun 2023 ya nuna cewa a asibitocin da suka ci gaba da yadda aka saba, mata 43 cikin kowane 1,000 sun yi mummunar zubar jini ko an yi musu tiyata ko sun rasu saboda jinin. A masu sabon tsari, 16 ne.

Abin da ya faru a 1996

Duk da haka, in aka ce gwajin magani a Kano, zukata ba can suke fara zuwa ba. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Najeriya, akasari a Arewa. Ana cikin haka ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka zo Asibitin Zana a Kano suka gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa, rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin farko, 6 a na biyu, wasu suka kurmance ko suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma cutar ce ta yi kisan. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna bayan an gama gwajin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. Shari'a ta ja shekaru, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, maganar Trovan na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi, cutar kuma ta samu damar yaɗuwa har wasu ƙasashe. Babu mai hankalin da zai ce tsoron mutane ba shi da tushe. Amma dokoki sun canza. Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. Yau sai kwamitin ɗa'ar bincike ya karanta tsarin aiki ya amince, sai hukumar NAFDAC ta ba da izini in magani za a gwada, sannan sai shi mutumin ya yarda da bakinsa bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji. Doka a takarda take. Mai tsare ta a ɗakin likita shi ne wanda aka miƙa wa takardar.

Hira a bakin ɗakin likita

An tsara wannan hira ne don karatu a aji. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama manomin da ya kawo ɗansa, ɗaya ma'aikaciyar bincike.

"Sannu Baba, ya mai jiki? Muna wani bincike ne a kan yara masu irin ciwon yaronka, muna so mu ji ko za ka yarda ya shiga."

"Da sauƙi, Malama. Wannan binciken, magani ne ko gwaji?"

"Gwaji ne, Baba. Magani biyu muke gwadawa don mu san wanda ya fi. Ƙuri'a ce za ta zaɓa masa, ni ma ban san wanda zai samu ba."

"In na ce a'a fa? Likita zai juya mana baya?"

"Ko kaɗan. Za a duba shi kamar kowa, a layinsa."

"In na yarda yau, bayan wata biyu na ga abin bai kwanta mini ba?"

"Ka janye shi duk ranar da ka so, ba sai ka faɗi dalili ba."

"To in maganin ya yi masa illa, wa zai biya kuɗin asibiti? Wa zan kira da tsakar dare daga ƙauye? Jinin da za ku ɗiba nawa ne, ina kuma za a kai shi?"

"Duk yana cikin takardar nan, har da lambar waya. Bari in karanta maka da Hausa."

"Karanta, Malama. Amma yau ba zan dangwala ba. Ba ni ita in je gida, ƙanena ya sake karanta mini, in yi shawara da uwar yaron. Ran Laraba in Allah ya kai mu na dawo."

Babu rashin kunya a cikin abin da manomin nan ya faɗa. Mu mutane ne masu jin nauyin mai farar riga, mukan ce "to, likita" ko ba mu gane ba, don kada a ce mun cika ƙauyanci. Mai bincike na gaskiya yana murna da tambaya, domin wanda ya shiga da fahimta shi ke zama har ƙarshe. Wanda ya ɓata rai don an tambaye shi, ko ya ce a yi sauri mota na jira, a bar masa takardarsa.

Wanda bai iya karatu ba yana da haƙƙin a kawo shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ne, ya saurari bayanin, shi ma ya sa hannu. Kwafi ɗaya na takardar naka ne, ka tafi da shi gida. Kuɗin mota da ake bayarwa na mota ne, ba a sayi yardar kowa da shi ba, kuma in ka ga kuɗin ya yi yawan da zai rufe maka ido, ƙara tambaya. Jinin da ake ɗiba yawanci bai wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, amma ana iya ajiye shi ko a kai shi ƙasar waje don awo, kuma dole a gaya maka in haka ne.

Akwai wani wuri da ya kamata a tsaya a kai. Masu bincike kan fara zuwa wurin hakimi ko dagaci ko mai unguwa, haka kuma ya dace. Sai dai izinin dagaci na shiga gari ne, bai zama yardar kowane gida ba. Haka mace za ta yi shawara da maigidanta kamar yadda aka saba, amma in jikinta za a taɓa, ita za a yi wa bayani, kuma in ta ce a'a maganar ta ƙare ko da shi ya yarda. Yaron da ya yi wayo shi ma akan ji ta bakinsa bayan iyaye sun amince.

Rabon magani da gwajin magani

Yankinmu na kanal da shinkafa yana jawo masu bincike, domin ruwan da ya kawo arziki ya kawo sauro rani da damina, ya kawo tsargiya. Ƙwayar tsargiya a jikin ƙananan dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ko mai dashe. Yaro ya riƙa fitsarin jini, a da har wasu na ɗauka alamar balaga ce. Idan kuka ga an zo makaranta da 'yan kwalabe ana karɓar fitsarin yara tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita, wannan ƙidaya ce don a san yawan masu cutar. Ita ma sai da yardar iyaye.

Ƙwayar maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu bayan an auna tsawon yaro da sanda, da maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara duk wata da damina, waɗannan sun wuce matakin gwaji da daɗewa. Na zazzaɓin sai da aka gwada shi a ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Iyayen wasu yara a can suka yarda, namu suke cin moriya. Hanyar bambance rabon magani da gwajin magani mai sauƙi ce: a tambaya.

A ganina, inda masu bincike suka fi gazawa shi ne bayan an gama. A zo ƙauye a karɓi fitsari da jini da lokacin mutane, a koma a rubuta sakamako da Turanci a mujallar da babu mai ganin ta a nan. Manomin da aka ari gonarsa don gwajin iri aƙalla yana tsaye ranar bugu. Saboda haka ku ƙara wannan a cikin tambayoyinku tun ranar farko: in an gama, wa zai dawo ya gaya mana abin da aka gano, kuma in maganin ya yi, za mu same shi a asibitin Kura ko na Bunkure, a kan nawa?

Aikin aji

1. A binciken ledar haihuwa, mata 43 cikin 1,000 sun shiga haɗari a tsohon tsari, 16 a sabo. Mata nawa ne bambancin? In mata 5,000 ne suka haihu, nawa zai zama?

2. Yaro mai nauyin kilo 18 miligiram nawa zai sha a rukunin miligiram 10, nawa kuma a na 20? Wannan lissafi ne kawai. Maganin sai likita ya rubuta, yana kuma bin yaron da awon jini.

3. Wani a aji ya ba da labarin irin da ya taɓa gwadawa a gonarsa, ko maganin feshin da ya gwada shekarar da tsutsar sharon ta cinye tumatir a 2016. Me ya daidaita tsakanin yankunan biyu, me ya manta bai daidaita ba?

4. A sake karanta hirar, amma wannan karon mace mai juna biyu ce aka tunkara a wurin awo, maigidanta kuma yana kasuwar Kwanar Gafan. Kowa ya rubuta tambayoyi uku da za ta yi, da hannunsa, a kawo mako mai zuwa.